Wace Waƙar Shata Ce Za Ta Buɗe Kaset?

Kaset ɗin da ake kira C90 minti 90 yake ɗauka, 45 a kowane gefe. A ce an miƙo maka guda, sabo fil a ledarsa, an ce ka zuba masa waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da za su wakilce shi a wurin wanda bai taɓa jin sa ba. Wace za ka sa a farko? Wace za ta rufe gefen farko, ta sa mai sauraro ya miƙa hannu ya juya kaset ba tare da ya yi shawara ba? Wace kuma za ka bari a waje alhali ranka yana son ta?

A Tsiga, cikin ƙaramar hukumar Bakori a kudancin jihar Katsina, masu amsa wannan tambaya suna da yawa, kuma da wuya ka sami biyu da bakinsu ya zo ɗaya. Lokacinta shi ne kaka, idan an karye masara, an yanke dawa, waken suya ya shiga buhu, aljihu ya ɗan yi nauyi, hira ta sami wurin zama. A teburin mai shayi ake yin ta, da rumfar mai cajin waya, da cikin motar haya tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Kaset ɗin kansa ya ja da baya, yanzu zamanin memori ne da waya. Amma dattawan da suka tashi da rikoda har yau da ma'aunin kaset suke lissafi: gefe biyu, waƙa kaza a kowanne, ba ƙari.

Mutanen yankin suna da dalilin ganin cewa su ne da haƙƙin yanke hukunci. An haifi Shata a Musawa a 1923, amma Bakori ce ta riƙe shi bayan ya bar gida, bisa gayyatar Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa a can. A Bakori ya yi aurensa na fari. Sunansa ya fita sosai bayan Bikin 'Yan Sarki na Kano a 1952, daga baya ya koma Funtuwa, inda ya yi zaman kusan shekara 40. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Ga mutumin Tsiga, Shata maƙwabci ne da iyaye da kakanni suka gani da ido a filin biki. Wanda ubansa ya taɓa tsayawa a gaban kalangun Shata ba ya jin akwai ɗan birnin da zai koya masa wace waƙa ce ta fi.

Farin kundin da aka ƙi ragewa

Ba mu kaɗai ke wannan wasa ba. A wajen masoya kiɗan rok na Turai da Amurka, sake jera waƙoƙin tsohon kundi ya daɗe da zama al'ada, kuma gardamar da ta fi shahara a kan The Beatles ce, ƙungiyar makaɗan nan huɗu ta Liverpool a Ingila. Ranar 22 ga Nuwamba, 1968, suka fitar da kundin da bangonsa fari ne fat, babu hoto, wanda saboda haka aka san shi da White Album. Waƙa 30 ce a ciki, a kan faifai biyu, gefe huɗu, fiye da minti 90. Yawancinsu an tsara su ne a Rishikesh ta ƙasar Indiya, inda makaɗan suka yi zama a farkon shekarar. George Martin, wanda ke kula musu da ɗaukar sauti, ya so su tankaɗe, su zaɓi masu ƙarfi su yi faifai guda. Suka ƙi.

Tun daga lokacin masoyansu ke yin aikin da aka hana Martin. Kowa ya zauna ya zaɓi 14 ko 15, ya jera su gefe biyu, ya kare zaɓinsa da hujjoji. Wadda aka fi saurin korewa ita ce "Revolution 9", fiye da minti takwas na muryoyi da ƙararraki da aka yanko daga tef aka harhaɗa. Duk da haka akwai ɓangaren da ke cewa idan ka cire ta ka cire wa kundin haƙori. Shi kuwa Paul McCartney, ɗaya daga cikin makaɗan, da aka zo batun a shirin tarihinsu na Anthology a 1995, kakkaɓe maganar ya yi, ya nuna cewa kundin ya sayu, a bar shi yadda yake.

Abin da masu tankaɗen ke yawan mantawa shi ne jeren ba da ka aka yi shi ba. Tsakanin 16 da 17 ga Oktoba, 1968, McCartney da abokin kiɗansa John Lennon da Martin sun shafe kimanin awa 24 a situdiyo suna wannan aiki kaɗai. Suka raba waƙoƙin ɗan ƙungiyarsu George Harrison guda huɗu, ɗaya a kowane gefe. Suka tara masu sunayen dabbobi a gefe na biyu, masu zafin kiɗa kuma yawancinsu a na uku. Shi kansa faifan yana da tasa doka. Dogon faifan garmaho, wanda kamfanin Columbia ya ƙaddamar a 1948, kimanin minti 22 yake ɗauka a gefe, kuma yayin da allura ke matsawa tsakiya sauti yana raguwa da kyau. Saboda haka ake sa waƙa mai ƙarfi a bakin faifai, mai sanyi a ciki. Aikin kamar lodin babbar mota ne a kasuwar hatsi: akwai buhun da dole ya shiga ƙasa, akwai wanda sai a sama, idan ba haka ba motar ta karkace a hanya.

Su ma kamfanoni sun yi nasu karambanin. Kafin 1967, kamfanin Capitol a Amurka yakan sauya jeren kundayen The Beatles, ya cire wannan ya sa waccan, har ya zama yaron Amurka da na Ingila suna kiran suna ɗaya amma ba abu ɗaya suke ji ba. Makaɗan ƙungiyar The Beach Boys kuma sun ajiye kundinsu Smile a 1967 ba su gama ba. Masoya suka shafe shekaru suna haɗa nasu daga gutsattsarin da suka fita ta bayan gida, har Brian Wilson, ɗan ƙungiyar, ya kammala nasa a 2004. Ko bayan nan wasu ba su daina ba.

Kamfanin da ya fitar da faya-fayan The Beatles a Ingila, wato EMI, shi ne ta reshensa na Nijeriya ya fitar da faya-fayan Shata. Amma kamancin bai wuce nan da nisa ba.

A filin biki, taro ne ke jera waƙa

Mai son The Beatles yana jayayya ne da jeren da masu waƙa suka sa wa hannu. Akwai asali, shi kuma yana kawo gyara. Shata bai bar wani kundi guda da kowa ya yarda cewa shi ne jerensa na asali ba. Ko yawan waƙoƙinsa ba wanda ya iya ƙidayawa. Kuma waƙar guda ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Bakandamiya, wadda ya yi wa kansa kirari a cikinta, an ɗauke ta sau da dama a lokuta daban-daban, gindin waƙar yana nan amma ɗiyan suna canzawa, wannan ta fi tsawo, waccan ta ambaci wasu mutane da wurare da babu su a ɗayar. Dandatti Abdulƙadir, wanda ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, a kan wannan baiwa ta shirya waƙa a tsaye a gaban jama'a ya yi nazarinsa. To idan mutumin Tsiga ya ce Bakandamiya ce za ta buɗe kaset, tambaya ta gaba tana jiran sa: wace Bakandamiyar?

A nan ne nake ganin masu gardamar teburin mai shayi sun fi takwarorinsu na Landan tsayawa a kan gaskiya, ko da ba su sani ba. A wajen makaɗin Hausa, jeren waƙa tun asali ba nasa ba ne shi kaɗai. Makaɗa su share fage, a taɓa mai biki ko ubangida, daga nan kuma fili ne ke magana. Wani attajiri ya shigo, sanƙira ya hango shi ya ɗaga murya, kalangu ya juya. Wani ya yi kyautar da ta girgiza taro, waƙar da za a rufe sai ta ƙara minti goma. Wani ya aiko a yi masa tasa. Wanda ya je bikin Funtuwa da wanda ya je na Malumfashi a mako guda ba jere ɗaya suka ji ba. Masu sauraro ne suka saba tsara daren, da kuɗinsu da matsayinsu da shewarsu.

Rediyo ya zo ya ɗora a kan haka. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, shi ne ya kai muryar Shata ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taka ba, kuma shirye-shiryen zaɓi-sonka suka mayar da zaɓen waƙa abin yi na jama'a. A sayi kati, a rubuta gaisuwa ga 'yan'uwa da abokai, a nemi waƙa, har aka kafa ƙungiyoyin 'yan zaɓe a garuruwa. Sai dai agogon rediyo ba ya jiran ɗan amshi. Waƙar minti 20 a sa mata shida, mai gabatarwa ya rage sauti ya ci gaba da karanta sunaye.

Wanda ya fi kowa tasiri, kuma ba a taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba, shi ne mai rikodin kaset na kasuwa. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma da ya yaɗu a ƙasar Hausa sai kowace babbar kasuwa ta sami rumfar da ke da rikoda mai baki biyu da tulin kasakasai. Ka kawo sabon kaset ko ka saya a wurinsa, ka faɗi abin da kake so, ya zuba maka, ya rubuta sunayen da biro a jikin kwali. C60 minti 30 ne a gefe, waƙoƙin Shata kuwa ba su san wannan iyaka ba. Idan tef ya ƙare a tsakiyar ɗa, nan waƙar ta ƙare. Idan an sami ragowar minti uku, sai ya cike da guntun Ɗanmaraya Jos ko Haruna Uji don kada wuri ya tafi a banza. Akwai mutanen da suka girma suna ɗauka cewa wata waƙa a nan take tsayawa, sai bayan shekaru suka ji cikakkiyarta suka ga ashe rabi suka haddace. Akwai kuma waɗanda har yau idan wata waƙa ta ƙare kunnensu yana jiran wata takamaimiya ta biyo baya, don haka take a kaset ɗin gidansu. Wannan jere da suke rantsuwa da shi, wani saurayi ne a rumfar kasuwa ya yanke shi, wataƙila don kawai tsawon ya dace.

Abin da ake cirewa

Zaɓin mutum yana tona shi. Direba yana son waƙoƙin da Shata ya yi wa direbobi da masu saurin kalangu, waɗanda ke korar gyangyaɗi. Mai sha'awar sarauta zai cika gefe guda da Sarkin Daura da Sarkin Zazzau Shehu Idris da Sardauna, ya ce sauran duk wasa ne. Tsohon soja ba zai yarda a bar waƙoƙin da ya yi wa dakarun tarayya lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ba. Ummaru Ɗanɗanduna na Gwandu kusan kowa yana sa ta, rigimar kawai a ina. Wadda nake jin takaicin yadda ake tsallake ta ita ce waƙar kumbon Apollo 11, wanda ya kai mutum duniyar wata a 1969. A cikinta ake ganin wani Shata daban, mai ɗauko labarin duniya ya kawo wa manomi da harshen da zai gane. Ba ta yabi kowa a unguwa ba, shi ya sa ba ta da mai tsaya mata.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne waƙoƙi biyu da suka fito daga baki guda: wadda ya yi ta yabon Annabi, da wadda aka sani da Sha Ruwa, inda ya kare mashaya. A jeren yawancin dattawa a yau, ta farkon ce ke buɗewa, ta biyun kuwa ba a ko ambatonta. Ba abin mamaki ba ne. Jama'a sun canza, jihar Katsina ma tana cikin waɗanda suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma mutum yana da 'yancin zaɓar abin da zai shiga kunnensa da na 'ya'yansa. Ba ni da ja a kan haka. Inda nake ja shi ne idan aka miƙa wa yaro wannan zaɓi aka ce masa wannan ne Shata gaba ɗayansa. Mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, wanda ƙasa ta ba lambar MON, shi ne dai mutumin da ya yi waƙoƙin bariki, bai kuma ɓoye ba. Wanda ya goge wannan ɓangare ya samar da dattijo mai ladabi, amma ya rasa dalilin da ya sa sarakuna da attajirai ke shakkar bakinsa.

Waƙoƙin zambo, irin su Gagarabadau, nasu lissafin daban ne, kuma a nan na fi fahimtar mai cirewa. A Legas ko Accra zambo abin dariya ne kawai. A tsakanin Musawa da Bakori da Funtuwa kuwa, waɗanda aka yi wa zambon suna da 'ya'ya da jikoki, ana haɗuwa da su a kasuwa da masallaci da wajen ɗaurin aure. Mai shayin da ya tsallake irin wannan waƙa don wani ya zauna a bencinsa ba tarihi yake ɓoyewa ba, kunya yake yi, kuma ya yi daidai. Mai son The Beatles ba ya da wannan nauyi a kansa. Idan ya cire waƙa, ba wanda zai ƙi gaishe shi gobe.

In da ni aka miƙa wa kaset ɗin, ba zan buɗe da Bakandamiya ba, duk da na san yawancin mutanen Tsiga za su ce na yi saɓo. Kirarin kai yana ƙara daɗi ne bayan an ga aikin mai kirarin. Zan buɗe da mai sauri, in kawo Ɗanɗanduna, in rufe gefen farko da Bakandamiya cikakkiya, ko da ita kaɗai za ta ci rabinsa. Gefe na biyu ya fara da Sarkin Daura, kumbo ya biyo, zambo guda ya shiga don a san bakin yana da kaifi, yabon Annabi ya rufe. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wani abin lura: wannan gardama ta maza ce, kuma a kan mawaƙan maza. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge 'yar Gwaigwayi ce a yankin Funtuwa, ta rasu a 2013, kuma mata a cikin gidaje suna da nasu ra'ayi mai ƙarfi a kan wace waƙar amada ce ke tayar da biki, wace ce ake ajiyewa sai an rage baƙi, ƙwarya ta yi zafi. Ba a dai tambayar su ne a teburin mai shayi.

Zamanin da babu gefe

Wayar salula ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 2001, bayan wasu shekaru kuma memori ya kori kaset. Mai tura waƙa ya gaji rumfar mai rikodin. Yanzu ba a cewa a zuba mini guda shida, sai dai a tura mini Shata, a zuba ɗaruruwa a 'yan mintoci. Ƙuncin da ya haifar da gwaninta ya tafi. Waya ce ke jerawa, bisa harafin farko na sunan fayil ko ranar da aka tura, ko kuma ta riƙa tsalle yadda ta ga dama. Waƙa guda ta fito sau uku da suna uku. Wata a rubuta mata lamba kawai. Ta Ɗanƙwairo a liƙa mata sunan Narambaɗa, ta yi ta yawo daga waya zuwa waya da sunan aro har ƙarya ta zauna. Guntayen da mai rikodin ya datse shekaru da dama da suka wuce su ne aka kwafa, da datsewarsu da shuuwar tsohon tef.

Duniya ta lura da wannan hanya tamu ta yaɗa waƙa. A 2011 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya fitar da kundin Music from Saharan Cellphones, daga waƙoƙin da ya tattaro a memorin wayoyin mutane a arewacin Mali, ya kuma bi sawun mawaƙan don a san masu su. A ɗaya gefen, a Nuwamban 2021 mawaƙiyar Ingila Adele ta sa dandalin sauraren waƙa na Spotify ya daina mayar da tsalle-tsalle hanyar farko ta kunna kundi, don a ji waƙoƙinta yadda ta jera su. Ita tana da rai, tana da kamfani, tana da jeren da za ta kare. Shata ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun a yau.

Shi ya sa nake ganin abin da ya kamata ya dami masoyansa ba wace ce ta farko ba ne. Jera yadda kake so, haka aka saba tun yana raye. Damuwar ita ce kayan da ake jerawa suna lalacewa. An yi aikin rubutu mai kyau: Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006, Aliyu Ibrahim Ƙanƙara ya daɗe yana bin tarihin waƙoƙin, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya taskace matanin waƙoƙin baka da dama. Abin da ake buƙata a kan wannan shi ne taskar sauti da kowa zai iya isa gare ta, inda kowace ɗauka ke da shekararta, da wurin da aka yi ta, da tsawonta, da bayanin ko cikakkiya ce ko datsattsiya. Masoyan The Beatles suna iya faɗa maka ranar da aka ɗauki kowace waƙa, don kamfani ya adana takardun situdiyo. Mu kuwa tef ne ke cin kansa a cikin akwati, zafi da laima suna taya shi.

Wannan aiki ne da ya dace da gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da Gidan Arewa, da sassan Hausa na jami'o'in Katsina da Dutsin-ma da Kano da Zariya, su haɗa hannu da iyalan marigayin, waɗanda su ne ke da haƙƙi. Amma kaso mai yawa na abin da ake nema ba ya ofis, yana ɗakunan mutane a Tsiga da Bakori da Ɗanja da Kafur.

Idan kana da kwalin kasakasan mahaifinka, kada ka zubar, kada kuma ka raba kaset da kwalinsa, don rubutun biron nan shaida ne. Ka sa a kwafe kowane gefe ɗungurungum, daga farko har inda tef ya tsaya, ba waƙa ɗaiɗai ba. Ka tambayi dattijon gidan a wace kasuwa ya saya, a wace shekara, ka rubuta tun yana iya tunawa.